Tabarmar Baƙo

A kwarin dabino na Maine-Sorowa wani manomi ya sami ɗansa, yana tsince dabinon wani. Wata takwas ke nan da saurayin ya bar gida da guzurin sati uku, wai zai ga ƙasa. Duk inda ya sauka sai ya yi aiki kyauta, a ba shi tuwo da wurin kwana.

"Tattasaina ya nuna jawur a Geskeru, babu mai tsinka, kai kana nan kana yi wa wani bauta," in ji uban. "Ni ba ni da tuwo ne?"

"Kana da shi, Baba. Amma in na dawo a matsayin ɗa, ba za ka bar ni in sake fita ba."

Uban ya yi tsaki, ya dubi wuyan ɗan da ya rame.

"To, yaya suke yi da kai a nan?"

"Aiki daga safe zuwa azahar, wata ɗaya, sannan in wuce."

Ran Juma'a a Geskeru, uban ya share zaurensa yana mita, ya shimfiɗa wa ɗan tabarmar baƙi, ya leƙa ya ce wa matarsa, "Ki ƙara kifi a miyar nan. Baƙo ne, in ya ji daɗi ƙila ya ƙara mana sati."