Maƙerin da Ya Kori Jan Ƙarfe

Akwai wani maƙeri da ya tashi a gidan masu aikin jan ƙarfe, shi da wansa zuga-zugi ɗaya suke ja. Da hannunsa ya faɗa, sai ya koma ƙirar zinariya, ya buɗe shago a bakin babbar kasuwa. Tun daga nan ƙafarsa ta ɗauke daga tsohuwar maƙera, ya kuma ci alwashin jan ƙarfe ba zai sake shiga kaskonsa ba. Ya san masu sana'ar kan surka zinariya da ɗan jan ƙarfe don ta yi ƙwari, amma a ganinsa wannan aikin ƙananan maƙera ne. Ana nan, wata dattijuwa ta zo ya ƙera wa jikarta sarƙar biki. Ya ƙera ta da zinariya tsantsa, launinta kamar gwaiduwar ƙwai. Ranar kamu amarya ta sunkuya gaida iyaye, mayafi ya sarƙe ƙugiyar sarƙar, ƙugiya ta miƙe saboda taushi, sarƙa ta faɗi a gaban jama'a. Kafin la'asar zancen ya zaga kasuwa. Dattijuwar ta ajiye masa sarƙar a kan teburi, ta ce, "Gobe ake kai amarya."

Maganin bai ɓace masa ba. Jan ƙarfe ake so, mai tsabta wanda ba a gauraya da komai ba, kuma a duk garin kayan wansa kaɗai ya yarda da su. Ya bi lungun da ya daɗe bai bi ba, kansa a ƙasa, yana ta shirya kalaman ban haƙuri. Wan nasa ya dubi sarƙar, bai tambaye shi ina ya shige ba. Ya yanko ɗan jan ƙarfe, ya tura masa kasko, ya zauna ya kama zuga. Da safe aka kai wa amarya sarƙa. Daga baya 'ya'yanta sun sha jan ta a wuyanta, ƙugiyar ba ta sake miƙewa ba.

Masu ilimin sinadarai sun jera jan ƙarfe da azurfa da zinariya a layi guda cikin jadawalinsu, don 'yan gida ɗaya ne. Mai tsadar cikinsu ita ce mai taushi, sai da na gida take tsayawa. Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan'uwa rabin jiki.