Kunnen Hajo

A-kori-kurar Baba ta yi ta shaƙewa a hanyar Randagi, har ta mutu a tsakiyar daji bayan la'asar. Masara ce maƙil a baya, ga hadari ya haɗo. Baba ya kwance fulogi ya nuna mana bakinsa, fari fat.

"Iska ta yi mata yawa, mai ya yi kaɗan. Wani tiyo ne ya huje. Ku yi shiru mu ji."

Ya mayar da fulogin, ta tashi da ƙyar. Na cusa kai don in riga kowa, ni da ke riƙe masa sifana kullum. Ban ji komai ba sai ƙara. Ƙanwata Hajo, tana shan rake, ta miƙa yatsa.

"Baba, ga shi nan yana huci kamar maciji."

Ya naɗe wurin da roba, inji ya daidaita. Sai ya shafa kanta ya ce, "Wannan kunnen nawa ne."

Na zauna Kumasi, na zauna Jidda, an yabe ni cikin harsuna iri-iri. Hajo ta ce ita ba ta ma tuna ranar ba. Ni kuwa, da furfurata, har yau ina ƙyashin kunnen nan.