Katin da Babu Barmani

Tun da Sama'ila ya hango ta tsaye a ƙofar lakwal ɗin da yake koyarwa a Mayahi, riƙe da katin bikinsu, ya fito da sauri ya tare ta. Shi ya kai aikin katin, shi kuma ya sa aka rubuta Zahra'u, sunanta na yanka da ba mai kiranta da shi, don kada abokan aikinsa su yi dariyar sunan ƙauye.

"Barmani," ya ce ƙasa-ƙasa, yana waige-waige.

"Ashe ka iya faɗinsa." Ba ta ɗaga murya ba. "Ka san inda na samo shi? 'Ya'ya huɗu Inna ta haifa a Korgom kafin ni, ba wanda ya kai yaye. Ran da na zo duniya, ta rungume ni tana kuka, ta ce, Allah, bar mani wannan."

Ya sunkuyar da kai, alli na marmashewa a hannunsa.

"Jiya na kai mata katin. Ka san ba ta yi boko ba. Ta ce in nuna mata inda aka rubuta Barmani." "Na nuna mata inda aka sa Zahra'u, Sama'ila. Ta ɗora yatsa tana shafawa, tana sa maka albarka."

"Zan sa a sake bugawa, wallahi. Yau ɗin nan."

Ta ajiye katin bisa moto ɗinsa, babur ɗin da ke tsaye a gefensu.

"Sake naka. Na Inna ta riga ta kulle shi cikin adaka, tare da zanen da ta goya ni da shi."