Soron da Aka Hana 'Yan Koyo Taɓawa

Tunda ka ce kana son ka ba da taimako don a raya tsofaffin gine-ginen garinku, bari in ba ka misali kafin ka saki hannu. An yi wata mata mai sana'ar man gyaɗa, Allah ya buɗa mata har ta mallaki gonaki. A bakin unguwarsu akwai wani tsohon soron ƙasa mai rufin bakan gizo, irin wanda ake jera azara a ɗaure ta a lanƙwashe, rufi ya tsaya ba ginshiƙi. Nan ake ɗaurin aure, nan ake sasanta rigima. A cikinsa ne kuma ta taɓa fakewa daga ruwan sama tana budurwa, da tallan ƙuli-ƙuli a kanta, wani saurayi ya matsa mata wuri, shi ya koma bakin ƙofa feshi yana dukansa. Shi ne ya zama mijinta. Da ya rasu, sai ta ware gona guda ta yi waƙafi da ita, ta ce duk abin da aka girbe na soron ne. Kowace bazara wani tsohon magini, wanda shi kaɗai ya rage a garin da ya san wannan aiki, yakan zo ya duba azara, ya gyara indararo, ya sake yaɓe da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa mai hana ruwa cin bango. Wata shekara ya same ta ya ce, "Hajiya, gwiwata ta fara ba ni labari. Ki ciyar mini da samari daga gonar nan, su zauna su koya. Duk sun koma ginin bulo, don can a yini ake sallamar mutum." Ta tambaye shi a ina za su koya. Ya ce a jikin soron mana, ina kuma? Nan ta ƙi. Ba rowa ce ta hana ta ba. Ta san ɗan koyo sai ya ɓata kafin ya gyara, ita kuwa ba za ta iya ganin yaɓe a karkace a bangon nan ba. Ta ce, "Baba, hannunka kawai nake so a wurin. Maganar yara mu bari sai baɗi." Baɗi ta zo, ta sake cewa baɗi.

Soro ya yi ta sheƙi, baƙi na zuwa kallo, tsoho kuwa yana ƙara tsufa. Da farko ya daina hawa tsani, daga baya idonsa ya dushe. A shekarar da bai iya fita ba, gara ta ci azara a gindin baka ɗaya, rufi ya tsage daidai lokacin da hadari ya fara taruwa a gabas. Sai a lokacin matar ta aika aka tara samari, ta ce a buɗe rumbu, kowa ya ci ya ƙoshi, a koya musu yanzu. Aka ɗauko tsoho aka zaunar da shi a kan tabarma, yana faɗa da baki, suna yi da hannu. Amma aikin ba a baki yake ba. Ya ce a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, ba wanda ya san ƙanshinta idan ta kai. Ya ce a ɗaure azara da ƙarfi, amma kada a shaƙe ta, suka kalli juna. Yakan miƙa hannu a sa masa curin ƙasa, ya murza, ya girgiza kai. Samarin sun yi iya ƙoƙarinsu, ba wanda ya yi ha'inci. Damina ba ta yi nisa ba rufin ya rufta, Allah ya sa ba kowa a ciki. Gona ta ci gaba da ba da amfani, rumbu a cike, babu soron da za a kashe wa kuɗin. Yanzu matar tana ciyar da samarin, suna koyon gini a kan katangar da ba ta wuce ƙugu ba, tsoho yana shafa aikinsu da tafin hannu. Ita da shi duk sun san ba za su ga ranar da yaran za su ɗaure bakan soro ba.

Saboda haka idan za ka bayar, ka raba kyautarka tsakanin bango da hannun da zai riƙe shi bayan masu yi sun tafi, kuma ka yi tun gini yana tsaye. Hausawa sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.