Kunkurun da Rhoda Ta Zaɓa

Kai, ku tsaya ku ji abin da aka yi a gidanmu! Rhoda ɗinmu ta yi nasara, wallahi ta yi!

Tun da aka sallamo ta daga asibiti take rigimar kunkuru. Ba kyanwa ba, ba zomo ba, kunkuru. Baba ya ce a'a. Sai ta ture kofin kunu, ta juya wa kowa baya, ta ce ba ci, ba shan magani, sai an saya mata. Mama ta yi lallashi har da alkawarin sabon zane, ko kallonta ba ta yi ba. Ga shi likita ya ja wa Baba kunne: in ta bar maganin nan, gadon asibiti za ta koma.

Jiya dai Baba ya sallama. Muka tari keke daga Barnawa sai Unguwar Mu'azu, gidan wani Malam Ayuba mai kiwonsu. Ni na riƙe mata hannu muka tsallake kwata, don ba a barinta ta yi tafiya ita kaɗai.

Malam Ayuba ya fito da su. Ga kififiya a robar ruwa, amma wai tana cizo. Ga wani madaidaici, da an taɓa shi sai ya rufe bayansa kamar akwati. Sai wani ɗan mitsitsi mai launin yashi, bai cika tafin hannuna ba.

Baba ya nuna mai akwatin. "Wannan ba ya girma, ba ya ɓarna. Shi za mu ɗauka."

Ta girgiza kai, ta nuna ɗan mitsitsin.

Malam Ayuba ya kwashe da dariya. "Oga, wannan ɗan hamada ne fa. Nan gaba sai ƙarti biyu za su ɗaga shi. Ga haƙa rami, ga cin shuka. Kuma sai ya shekara ashirin bai gama girma ba."

"Kin ji ko?" in ji Baba. "Ashirin fa! Don Allah a ɗauki wanda za a more shi yanzu."

Ta zauna daɓas a benci, ta naɗe hannu. "Shi nake so. Ni zan ba shi latas da hannuna, kuma sai na ga girmansa da idona."

Baba ya dube ta. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya juya yana kallon katanga. Can ya ce, "Malam, sa mata shi a kwali."

A keke ta rungume kwalin, ta ce in miƙo maganin. Ta haɗiye shi ko ruwa babu, tana dariya, giɓinta duk a waje. Sannan ta zunguri Baba da gwiwar hannu.

"Bulus, je ka gaya wa likitan nan naka da ya ce ba zan ga Kirsimeti ba, na yi sabon jariri. Ni na haife ka, na goya 'ya'yanka, kuma ba inda za ni sai na aurar da wannan na cikin kwalin!"