Hannun Hagu na Inna

Tun da na'ura ta karɓi aikin tiyata a asibitin garinmu, doka ta canza: ba a cire ƙullutun wuyan da ke zuƙe ƙarfin ƙashi sai ƙashin ya karye. Na Inna bai karye ba tukuna, sai tsakuwar ƙoda da mantuwa da ƙishirwa. Na'urar ta haska wuyanta, ta ce mu dawo idan an samu karaya.

A bakin ƙofa muka tarar da layi gaban Baba Tanko, mai ɗorin da ya gyara min ƙafa ina yarinya.

"Hajiya, yatsa ko tsintsiyar hannu?" ya tambaya. "Yatsa ya fi sauƙi, amma ba kullum na'urar take karɓa ba."

"Haba Tanko, kai da ka gaji ɗori!" in ji Inna.

"Ai ni zan ɗora miki bayan aikin."

Na so in ce mu tafi, amma Inna ta riga ni. Ta cire awarwaronta ta ba ni, ta miƙa masa hagu.

"Bar min dama, da ita nake tuƙa tuwo."

Baba Tanko ya yi bisimilla. Ko ƙarfi bai sa ba, ƙashin ya karye.