Iskar da Aka Jona wa Labbo

Tukunyar iskar numfashi biyu ta rage a asibiti a Isa, Habi ta tsaya kai da fata sai da aka jona wa Labbo ɗaya.

Ba mijinta ba ne, ba danginta ba. Mahaƙin rijiya ne a Turba, ubangidan ɗanta Sammani. Shekarar da fari ya riƙa kayar da shanu a bakin mashaya, gari ya matsa musu su yashe tsohuwar rijiya. Yadda masu sana'ar suka gada, Labbo ya fara zura fitila, don in ta mutu a ƙasa, iskar ramin kisa take. Ya jawo ta, ya ɗan ba jama'a baya, ya ɗaga ta tana ci. Sammani ya sauka, igiya ta daina motsi. Labbo ya bi shi. Aka fito da gawa ɗaya, da wani mai rai da ko sunansa bai sani ba.

Shekara guda Labbo yana zaune yana yi wa kaji dariya, har ƙirji ya ci shi, leɓɓansa suka yi baƙi. 'Ya'yansa sun tafi cin rani. Habi ce ta kawo shi. Malamin asibiti bai ɓoye mata ba: iskar ba ta tayar da abin da ya mutu a ƙwaƙwalwa, amma in jini ya ƙoshi da ita hankali kan washe na ɗan lokaci. Ta ce ɗan lokacin ya ishe ta.

Mutanen Turba suka yi ta sa mata albarka. In robar iskar ta zame daga hancinsa ta mayar, in ya yi gyangyaɗi ta tashe shi. Tukunya na ƙarewa, tsoro na cin ta.

Da hantsin Laraba ya dube ta, ya kira sunanta, ya tambayi Sammani. Sai ya kai hannu zai fizge robar. Ta damƙe hannun.

"Shaƙa, Labbo. Ina gefenka fitilar taf fito a mace, kaƙ ƙyatta mata ashana. Na aza iskar waje ta hure ta, nay yi shiru. Shekara guda ni ɗai ka kwana da wagga rana, kai kana barcinka. Ba ka mutuwa sai ka tuna."